Kujerun da Tsohuwa Ta Bar wa Binta

Tun da na dawo daga Amurka ban sami sukunin ciniki ba. Duk wanda ya shigo shago, kafin ya tambayi kuɗin gado sai ya ce, "Alhaji, yaya ƙasar?" Na ba da labarin a ƙofar masallaci, na ba da shi a wurin ɗaurin aure, na ba da shi a majalisarmu ta bayan la'asar, kowa kuma ya ɗauki guntu ya ƙara masa gishiri. Jiya har wani ya zo yi mini jaje, wai an tsare ni a New York saboda na ƙona gida. Ban ƙona gidan kowa ba. Abin da na yi shi zan rubuta a nan sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Shekara talatin da ɗaya ina harkar kujeru a Kano. Da zarto ɗaya da guduma na fara a bakin titi, yau ina da shago biyu, ina shigo da kaya daga Turkiyya da China. In aka rufe mini ido na shafa kujera, zan faɗi katakonta. Ku riƙe wannan, domin shi ya kai ni ga abin da ya same ni.

Ƙanwata Binta, uwa ɗaya uba ɗaya, ta shekara goma sha huɗu a New York. Mijinta Malam Issaka mutumin Zangon Kumasi ne, direban tasi. Ita aikinta kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, ba da magani, ɗaga su daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Aikin ya cinye mata baya, likita ya ce ta daina ɗaukar nauyi. Ana cikin haka wata tsohuwar Baturiya da ta yi wa jinya shekara takwas ta rasu, ta bar mata kujeru biyu a wasiyya. Lauyan tsohuwar ya ce kada ta raina su, suna da daraja ƙwarai. Binta ta tsara cewa in an sayar za ta ajiye aikin ɗaga mutane, ta kama ɗan shagon atamfa da turare a unguwarsu, ta zauna wuri ɗaya.

Ta kira ni ta ce, "Yaya, ka zo ka tsaya mini. Ni ban iya ciniki ba, kuma ban san kujera ba. Kada a cuce ni."

Na je Abuja neman biza. Yarinyar da ke bayan gilashi ta tambaye ni abin da zai kai ni, na ce ƙanwata da kujeru biyu. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta dube ni, ta dubi fasfona da ya cika da hatimin ƙasashe, ta ce a ba ni. Wani mai kwat a bayana, da jakar takardu kamar lauya, shi aka hana.

Daga Kano muka sauka a Alƙahira, daga nan aka ɗaure mu a kujera kusan awa goma sha biyu. Wanda ya ƙera kujerun jirgin nan bai taɓa ganin mutum mai gwiwa ba. Wani ƙato da ke kusa da ni ya mai da kafaɗata matashi tun daga kan teku har muka ga ƙasa.

A filin jirgin JFK na New York wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina. Aka ja ni gefe. Matata Hajiya ta ɗaure wa Binta kilishi, da kuka, da daddawa. Jami'in ya sa safar hannu ya ɗaga kilishin kamar ya kama laifin duniya, ya jefa shi a wani babban kwando. Na ce masa busasshe ne, babu abin da ke raye a ciki. Ya ce nama nama ne. Da ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya taku biyu, ya tambaya ko ita ma dabba ce. Na ce 'ya'yan itace ne. Ya ce in ɗaure in tafi, da sauri. Mai daɗin suka ƙwace, mai warin suka bar mini.

Issaka na jirana a waje, ya rungume ni yana cewa, "Yaya Alhaji, sannu da hanya. Ina babbar rigarka ta sanyi?" Na ce wannan da ke jikina shadda ce mai nauyi. Ya yi dariya har muka isa mota, kuma kafin mu isa na gane dalilin dariyar.

Unguwarsu sunanta Highbridge, a Bronx. Kan tudu take, har akwai titin da ba titi ba ne, matattakala ce zalla. Suna hawa na biyar, lif kuma ya lalace tun kafin in zo, har na tafi ba a gyara ba. A ɗakin da aka sauke ni akwai wani ƙarfe na ɗumama ɗaki da ke huci yana ƙwanƙwasa kansa kamar ana gyaran mota. Mutanen benen ba sa gaisawa. Na yi wa wani sallama a matattakala, ya tsaya ya shafa aljihunsa ya wuce. Abinci kuwa ban yi kuka ba. Binta ta yi tuwon semo da miyar kukar da na tsallako da ita, washegari Issaka ya kawo wake da shinkafa irin na mutanen Gana, mai jan launi, da baƙin yajinsu da ya sa ni hawaye yana yi mini dariya.

Bayan mun ci, Binta ta shigar da ni ɗakinsu tana dafe da ƙugu, ta yaye zanin da ta rufe kujerun da shi.

Na zagaya su ina dubawa. Ƙirar dai ta mai hannu ce, ba zan ɓoye ba. Ƙafafun baya sun lanƙwasa waje kamar takobi, na gaba an yi musu siraran zane a tsaye, ƙarshen kowane hannu an sassaƙa kan rago. Amma farin fentin ya koma ruwan ƙasa, ya tsattsage. Ruwan zinariyar ya goge, saura ɗan kaɗan a lunguna. Ƙwaro ya huda katakon ko'ina kamar rariya. Yadin ya ƙoƙe, ɗaya ma ya yage, wani baƙin gashi yana leƙowa. Ga warin tsohon ɗaki.

Na ce, "Binta, ladan shekara takwas ke nan? A Kano in na sa waɗannan a ƙofar shago, mai shayi ne kawai zai taya."

Ta ce wata dillaliyar tsoffin kaya daga Manhattan, Madam Elen, ta ga hotunansu, za ta zo ranar Alhamis. "Ta ce kada a taɓa su, Yaya. Ko da tsumma kada a goge. Sau biyu ta faɗa."

Na yi murmushi, domin na san maganar. Ni ma ita nake faɗa. Duk wanda ya kira ni zai sayar da tsoffin kujerun gidansa, sai in ce kada ya wahalar da kansa da gyara, ya bar su yadda suke. In na je sai in nuna masa yagewa da tsatsa in karya farashi, in kai wa yarana su canja yadi, su fesa banish, in sayar ninki uku. Na ce a raina ashe dillali dillali ne ko a ina, kuma wannan karon ta haɗu da ɗan'uwanta.

Ban ce wa Binta komai ba. Ranar Talata da safe ta ɗaura bel ɗin da ke tallafe mata baya ta tafi aikin kwana biyu a gidan wani tsoho, Issaka ya fita da motarsa tun asuba. Ni kuma na fita neman kayan aiki. Na shiga jirgin ƙasa, ashe wanda ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi ne, ya wuce da ni har inda ban sani ba. Da na fito ina juye-juye sai na ji wani yana waya da Hausa a gefen teburin huluna. Mutumin Maraɗi ne. Ya rufe teburinsa ya raka ni shagon kayan gini, ya nuna mini inda 'yan Afirka ke sayar da yadi, ya sa ni a jirgin da ya dace. Allah ya saka masa, bai san abin da ya taimaka a kai ba. Na dawo da sanfefa ta goge katako, da fenti, da ruwan zinariya na gwangwani, da banish, da soso mai kauri, da jan karammiski.

Na zaɓi wadda ta fi lalacewa na fara da ita. Da na farke yadin na tarar da wani yadin a ƙarƙashi, a ƙarƙashinsa kuma wani. Can ciki gashin doki ne cunkus da busasshiyar ciyawa. Ƙusoshin kuwa babu biyu masu kama da juna, duk karkatattu. Na tattara komai a baƙar leda na sauka hawa biyar na ajiye a wurin shara. Sannan na kama sanfefa. Ƙurar da ta tashi ta tayar da wata na'ura a rufin ɗaki, ta hau ihu ba ta da niyyar dainawa. Matar da ke ƙasa da mu ta hau tana dukan ƙofa tana magana da Sifaniyanci, na buɗe fari fat da ƙura, da sanfefa a hannu. Ta leƙa ta ga babu wuta, ta ɗauki tsintsiya ta zungure na'urar ta yi shiru, ta faɗa mini wasu maganganu da na tabbata ba gaisuwa ba ce. Asalin labarin ƙona gida ke nan.

Kafin la'asar ta Laraba kujera ta fito. Na cike ramukan ƙwaro, na yi fenti shafi biyu, kawunan ragunan suna walƙiya, karammiskin ya ɗame babu ko tattara. Lokaci bai ishe ni in yi ta biyu ba, sai na ce hakan ma ya fi: Madam ta ga yadda suke, ta ga yadda za su iya zama.

Issaka ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. "Yaya Alhaji, wannan ai ko sarkin Asante zai zauna a kai." Ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ce in ɗauke shi hoto.

Binta ta dawo da magariba. Ta dubi kujerar, ta dube ni, ta ajiye jakarta a hankali.

"Yaya, ai na faɗa maka."

"Kin faɗa mini abin da dillaliya ta faɗa miki. Ki bar ni da ita gobe."

Ta juya ta shiga kicin.

Madam Elen ta zo da hantsi, 'yar siririyar dattijuwa, ta hau hawa biyar ko haki ba ta yi. Da gangan na rufe sabuwar da zani. Ta durƙusa a gaban tsohuwar, ta fito da 'yar tocila, ta kifa kujerar a kan kafet kamar mai juya jariri. Ta haska ramukan ƙwaro, ta shinshina gashin dokin, ta sa farce a hankali a kan wata ƙusa. Turancina na kasuwa ne, Binta ke fassara mini. Ta ce kujerun sun haura shekara ɗari biyu, an yi su a zamanin da Turawa suka koma kwaikwayon kayan tsoffin mutanen Girka da Rum, daga can ƙafar takobin da kan ragon suka fito. Ta ce fentin nan shi ne na ranar farko, ƙusoshin maƙeri ne ya buga su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a sami irinsu biyu tare ba a taɓa su ba. Ina jira ta fara kushe kaya don ta karya farashi, sai na ji tana ta yabo.

Ta ce, "Ina 'yar'uwarta?"

Na yaye zanin.

Ba ta yi ihu ba. Ta kashe tocilar, ta zauna a ƙasa sosai, ta ce a ba ta ruwa. Da ta sha sai ta tambaya wa ya yi. Na ce ni, kuma shekara talatin ina yi. Ta tambayi inda abin da na cire yake, gashin da yadukan da ƙusoshin. Issaka ya ce motar shara ta kwashe tun jiya da safe.

Na ce wa Binta, "Ki tambaye ta, tsakaninta da Allah, wacce za ta so ta zauna a kai?"

Madam ta ce sabuwar ta fi daɗin zama, aikin kuma mai tsabta ne, ba ta musu. Amma masu sayen irin wannan kaya ba wurin zama suke nema ba. Abin da suke saye shi ne na zuba a leda. Yanzu saura kujera ɗaya, kuma ɗaya ba ta kai rabin kuɗin biyu ba, domin a tare ake neman su. Ta faɗi abin da za ta iya bayarwa, sannan ta rubuta wa Binta adireshin wani gidan gwanjo, ta ce kada ta yarda da maganarta ita kaɗai, ta je ta ji ta bakin wasu. Ban taɓa ganin dillalin da ya tura mai kaya wurin abokin takara ba.

Duk da haka ban sallama ba. Washegari na sa Issaka ya kai mu. A gidan gwanjon wani saurayi mai tabarau ya dubi hoton tsohuwar yana gyaɗa kai, da ya kai ga hoton tawa sai ya cire tabarau ya murza ido. Farashin da ya faɗa bai kai na Madam ba. Daga nan muka wuce shagonta. Ɗaki ne cike da kujeru masu kama da waɗanda aka tsamo daga ambaliya, kowacce an ɗaura mata igiya daga hannu zuwa hannu don kada wani ya zauna. Ƙafafuna sun gaji, na dudduba, kujera ta fi arba'in amma babu inda zan sa jikina. A bayan shagon wani dattijo yana tsabtace ƙafar kujera da audugar goge kunne. Na tambaya yaushe ya fara, ya ce sati uku. Na ce yarana a Kano da sun gama kayan ɗakin amare huɗu a wannan lokacin. Ya tambaye ni shekara nawa kujerunmu ke yi. Na ce in an kula da su, goma. Ya koma kan audugarsa.

Har yau ina ganin akwai taɓin hankali a ƙasar da ramin ƙwaro ya fi sabon fenti tsada. A wurinmu tsohuwar kujera a falo alama ce ta maigida ya karye, a wurinsu alama ce ta kakansa ma mai kuɗi ne. Amma kasuwa ba ta tambayar ra'ayina, kuma ba kayana ba ne na yi wa hukunci.

Binta ta sayar wa Madam da ɗayar. Kuɗin ba ƙarami ba ne, amma bai isa kama shago da zuba kaya ba. Kwana biyu tana kawo mini abinci, tana gaishe ni yadda ƙanwa ke gai da yayanta, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai. Na gwammace ta zage ni. A rana ta uku na same ta a falo bayan azahar, tana zaune a ƙasa ta jingina bayanta da bango, kujerar tana gabanta tana ƙyalli.

Na ce, "Binta, na yi kuskure. Kin kira ni kada a cuce ki, ni na cuce ki."

Ta ce, "Ba da nufi ka yi ba, Yaya."

"Da nufi na yi. Kin hana ni, na ga kamar na fi ki sani."

Ta nuna hannun dama na kujerar. "Ka tuna nan wurin ya fi ko'ina gogewa, har katako ya fito? Tsohuwar a wannan take zama. Nan take dafawa in zan ɗaga ta, ta ce mini, ɗaya, biyu, uku, wai tana taimaka mini. Ba ta taimaka komai, duk nauyin a bayana yake." Ta ɗan yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi. "Ka tafi da ita Kano. Ba na son ganinta a nan."

Na kwance ta gunduwa-gunduwa na naɗe da bargo. A filin jirgi aka caje ni kuɗin ƙarin kaya, a Kano kuma jami'in kwastan ya ce sabuwa ce, sai na biya haraji. Na ce masa ta fi kakan kakansa shekaru. Ya shinshina banish ɗin ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah." Na biya.

Na ba kafintocina ita su kwaikwaya. Sai da suka ɓata katako da yawa kafin lanƙwasar ƙafar ta fito, kan ragon kuwa har yanzu na wasu ya fi kama da akuya. Amma iyayen amare sun so ta, kuma duk saitin da ya fita, ribarsa ta Binta ce, ban taɓa ko sisi. Da wannan ta rage kwanakin aikinta daga shida zuwa huɗu. Shagon bai samu ba tukuna, har yanzu tana ɗaura bel ta je ta ɗaga tsohon nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tura mata hoton sabon saiti da muka gama, guda shida da doguwa ɗaya, na kira in ji ko ta gani. Ta ce ta gani, sun yi kyau, Allah ya ƙara kasuwa. Ta tambayi Hajiya da yara. Har zan kashe waya sai ta ce, "Yaya, saƙon dai ka ci gaba da turowa, ina buƙata. Amma hoton ka daina."

Na daina.